Uwargida, Magi Nawa Kika Jefa a Miyar Yau?

  Na san a daidai wannan lokaci wata tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, wata tana kaɗa miya, wata kuma ta aiki yaro shago ya sayo mata magi, tana nan tana jiran dawowarsa. To ke mai jiran nan, da ke zan fara. Idan yaron ya dawo, kafin ki ɓare ki jefa, ki tsaya ki ƙirga. Guda nawa ne? Ki riƙe adadin a ranki, za mu neme shi nan gaba kaɗan.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abu da mu a nan ba mu saba da shi ba, wato miya dafaffiya da ake sayarwa a kanti, wata a gwangwani, wata gari ce a leda. Mace ta dawo daga aiki ta buɗe ta ɗumama, ko ta zuba ruwan zafi, shi ke nan an yi miya. Shekara da shekaru likitocinsu suna kuka da irin gishirin da ake labta wa waɗannan miyoyi. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu, mu da muke kaɗa kukarmu da kuɓewarmu da hannunmu? 'Yar'uwa, da ruwanmu. Mu ma muna da tamu miyar kanti, sai dai tamu an matse ta ne an dunƙule an naɗe a 'yar takarda. Shi Julius Maggi ɗin da ake kiran abin da sunansa, mutumin ƙasar Suwizalan ne, kuma da garin miya ya fara a shekarar 1886. Dunƙulen da muka sani ya biyo baya ne a 1908. Daga baya, a 1947, kamfanin ya koma hannun Nestlé. Yau ga shi sunan mutumin ya zama kalmar Hausa, ko Knorr ne ko Royco ko wani, duk magi muke ce musu.

Kafin in faɗi aibinsa bari in ba shi haƙƙinsa, domin ba na son irin wa'azin da ake yi wa mata ana cewa lalaci ne ya sa muka rungumi kayan kanti. Mai faɗin haka bai taɓa yin daddawa ba. A tambayi iyayenmu. Sai an samo ɗorawa, an fitar da kalwa an wanke, an ɗora ta a wuta ta kwana tana dahuwa, an surfa an cire ɓawo, an sake dafawa, an rufe ta kwana biyu ko uku ta nuna, sannan a daka a shanya. Itace nawa ke nan? Ruwa tulu nawa? Kuma yau a ƙauyuka da yawa na Tsafe da Bunguɗu, shiga daji neman itace ko ɗorawa ya zama kasada da rai saboda halin rashin tsaron da muke ciki, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, ba gas ba, ba gawayi ba, ba nama ba, komai ya yi tashin gwauron zabo. Matar da aka bar wa kuɗin cefanen da ba zai sayi ko ƙashi ba, kuma ana jiran ta fito da miyar da za a ci tuwo da ita, wannan 'yar dunƙulen ita ce take rufa mata asiri. Ba ta lalacewa, ba ta neman firji, ana sayar da ita ɗaya-ɗaya, ko yaro ɗan shekara biyar zai iya sayowa. Ga matar da ba ta fita, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Haka taliyar Indomie da 'yan'uwanta. Wani Bajapane mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro irin wannan taliya a 1958, kuma dalilinsa shi ne a samu abinci mai araha da sauri. Ranar da kike kwance ba lafiya, ko aka makara sahur, ko yaro zai tafi makaranta murhu ya ƙi kamawa, wa zai ce minti biyar ɗin nan ba rahama ba ce? Tumatirin leda ma haka, lokacin da ɗanye ya yi tsada a farkon damina. Ni dai ba zan zo gidan rediyo in ce ku zubar da su ba. Ko na faɗa ba za ku yi ba, kuma kuna da gaskiya.

Abin da nake so mu gane shi ne mene ne a cikin takardar nan. Da yawanmu mun ɗauka magi wani abu ne daban, gishiri wani abu ne daban, shi ya sa muke cewa "na sa magi, saura gishiri." Alhali idan kika raba dunƙulen gida biyu, kusan rabi guda gishiri ne zalla, a wasu ma ya fi rabi. Sauran shi ne sinadarin ɗanɗano da sitaci da ɗan mai da kayan ƙamshi. Ki duba jerin abubuwan da aka rubuta a jikin ledar, ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya karanta miki. Ƙa'idar rubutun ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara ambata, kuma galibi za ki tarar gishiri ne a sahun farko. Ƙaramin dunƙulen da muka fi amfani da shi nauyinsa giram 4 ne, kin ga kowane ɗaya yana ɗauke da gishiri wajen giram 2.

To nawa ne jiki yake iya ɗauka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum, duk gishirin da zai ci a yini, daga karin kumallo har abincin dare, kada ya kai giram 5. Giram 5 shi ne ƙaramin cokalin shan shayi guda ɗaya, a shafe ba a tsororo ba. Wato magi biyu da rabi sun cinye rabon mutum na yini guda, tun ba a taɓa ledar gishiri ba. A rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ta ce a matsakaicin lissafi mutanen duniya suna cin fiye da giram 10 a kullum, ninki biyu ke nan da ɗoriya, kuma ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 1.9 ne suke mutuwa duk shekara ta dalilin cututtukan da yawan gishiri yake jawowa.

Yanzu ki fito da adadin da na ce ki riƙe. Mu ɗauki gida mai mutum takwas. Ko da duk manya ne, rabonsu gaba ɗaya giram 40 ne a yini, balle ga yara a ciki waɗanda nasu bai kai haka ba. Uwargida ta ɗora miyar dare, ta jefa magi takwas, giram 16 ke nan. Ta ɗebo gishiri da babban cokali, wanda yake cin ƙaramin cokali uku, giram 15 ke nan ko fiye. An haura 30. Ba a lissafa farin magi ba, ba a lissafa 'yar ledar kayan ɗanɗanon da ake barbaɗawa daga ƙarshe don launi da ƙamshi ba, ba a lissafa kanwar da aka jefa don kuɓewa ta yi yauƙi ba. Wannan fa miyar dare ce kaɗai. Da rana an ci shinkafa da wake da mai da yaji, shi kuma yajin an daka shi da magi da gishiri, kuma kowa ya ƙara marmasa rabin magi a kwanonsa. Da safe an ci ƙosai ko burodi, wanda shi ma da gishirinsa ko da harshe bai ji ba. La'asar yara sun sayo awara an barbaɗa yaji. Ki haɗa da kanki. Ba ƙarin gishiri na yi wa maganar ba, lissafi ne.

Kin ga matsalar ba dunƙule ɗaya ba ce. Matsalar ita ce gishiri ɗaya ne yake shigo mana ta ƙofa huɗu ko biyar, kowace ƙofa da sunan da ya sauya, mu kuma ƙofa ɗaya kawai muke tsaro.

Me yake yi a jiki? Abin da yake yin aikin a cikin gishiri sunansa sodiyam. Jiki yana buƙatarsa kaɗan, ba a rayuwa sai da shi. Amma halinsa shi ne riƙe ruwa. Duk wadda ta taɓa barin gishiri a buɗe da damina ta ga yadda yake jawo danshi ya jiƙe. Idan ya yi yawa a jini sai jiki ya tara ruwa, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi don ta tura shi. Yau da gobe jijiyoyin su yi tauri, zuciya ta gaji, ƙoda da take tace gishirin ita ma ta gaji. Wannan shi ne hawan jini. Mugun halinsa kuwa shi ne ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru da shi yana cin tuwonsa yana harkokinsa, ba ciwon kai ba jiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane manya uku a duniya ɗaya yana da shi, kuma kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Sai wata safiya a ji Hajiya ta faɗi a banɗaki, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Nan da nan sai a ce iska ta buge ta, ko an yi mata jifa, a fara kallon kishiya ko matar ɗa. Gidaje nawa zumunci ya lalace a kan wannan zargi, alhali jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa? Ban ce gishiri kaɗai ke kawo hawan jini ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba da rashin motsa jiki, akwai damuwa, wadda mu a Zamfara ba sai an ba mu labarinta ba. Amma gado da shekaru ba a hannunki suke ba. Cokalin gishiri kuwa a hannunki yake.

Bari in tsaya kan kanwa, domin ita ce ƙofar da aka fi mantawa da ita, kuma ta shafe mu mata kai tsaye. Kanwa ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, amma cike take da sodiyam ɗin nan. 'Yar ƙanƙanuwar da ake jefa wa wake ko miyar kuɓewa da sauƙi. Inda abin yake da nauyi shi ne jego, lokacin da ake dama wa maijego kunun kanwa mai kauri safe da yamma har a yi arba'in, ga wankan ruwan zafi, a ce ana gasa mata jiki. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta kasa aiki bayan haihuwa, masu kumburin ƙafa da fuska da sarƙewar numfashi, suka danganta yawan cutar a ƙasar Hausa da yawan kanwa da zafin da ake ɗora wa maijego. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano ya nuna maganar ta fi haka faɗi, akwai hannun rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam da hawan jinin lokacin ciki. Don haka ba za a ɗora wa kanwa laifin duka ba. Sai dai duk likitan da kika tambaya zai gaya miki cewa matar da aka ce jininta ya hau lokacin goyon ciki, ko ƙafafunta suke kumbura, ko take haki idan ta kwanta, ba ta da haɗi da kunun kanwa. Iyayenmu masu kula da jego, don Allah a dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a ba ta wake da ganye da abin da ya samu na nama. Idan kuma maijego ta fara kumburi ko numfashinta yana sama-sama, ba sanyi ne ya shige ta ba da za a ƙara wuta. Asibiti za a kai ta a ranar.

Mai ciki kuma ta saurara da kyau, kada a juya maganata. Hawan jinin da ke zuwa da ciki har ya kai ga jijjiga, rage gishiri ba ya hana shi kuma ba ya maganinsa. Awon ciki ne yake gano shi tun da wuri.

Sai yara. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce gishirin da zai shiga cikinsa a yini kada ya kai giram 1, kuma nonon uwa ya riga ya ba shi abin da yake buƙata. Ɗan shekara ɗaya zuwa uku, giram 2, wato kwatankwacin magi ɗaya tak a duk yini. Ɗan huɗu zuwa shida, giram 3. To ki tuna yadda muke yi, yaro ya fara zama sai a riƙa lakato miyar manya ana sa masa a baki, ana dariya ana cewa ya iya cin tuwo. Idan za ki ba shi, ki ɗebi nasa tun kafin ki sa magi da gishiri. Ita kuma taliyar leda, yawancin gishirin a cikin 'yar ledar garin da ke ciki yake. Ƙaramar leda ɗaya idan aka juye garin duka tana iya kai wa sulusi ko rabin rabon babban mutum na yini, ina ga yaro ɗan shekara huɗu, ina kuma ga wanda aka dafa wa Super Pack shi kaɗai? Na kuma san gidajen da bayan an juye garin ake ƙara magi a kai. Ki sa rabin garin kawai, ki yanka albasa da attaruhu da tumatir, ki watsa zogale ko alayyafo, in da hali ki fasa ƙwai. Leda biyu sai ta ciyar da yara uku, kuma ta zama abinci. Harshen yaro abin da aka saba masa da shi yake nema har girmansa.

Akwai tambayar da take yawan zuwa mana a kan farin magi, wato Ajino. Wasu sun ce yana tsinka hanji, wasu sun ce tun da yana fitar da tabo a tufafi to guba ne. Wani masanin Japan mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarin a 1908, kuma ana samar da shi ne daga irin su rake da rogo da masara ta hanyar tsimawa. Sinadarin ɗanɗanon da ke cikinsa shi ne dai wanda yake cikin daddawa da nunannen tumatir da busasshen kifi. Hukumomin kula da abinci, har da NAFDAC ta nan gida, sun yarda a yi amfani da shi daidai misali. Sodiyam ɗin da ke cikinsa ma kusan sulusin na gishiri ne. Laifinsa a tukunyarmu shi ne ba a madadin wani abu muke sa shi ba, ƙari muke yi a kan magi da gishiri.

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, ku yi haƙuri. A gidan da ake da mata biyu ko uku, ranar girki ranar jarrabawa ce. Amarya ta ji an yaba miyar uwargida, gobe sai ta ƙara magi biyu. Uwargida ta ɗanɗana ta amarya, jibi ita ma ta ƙara uku. Maigida yana ta santi, bai san jininsa ake yin gasar da shi ba. Shekara biyar a haka, harshen kowa a gidan ya dakushe, miyar da ba ta ji magi goma ba sai a ce salam take. Kuma shi wanda ake yi dominsa, mai shekara hamsin da 'yan kai, da mahaifiyarsa da ake kai wa kwano a ɗakinta, su ne suka fi kowa kusa da hawan jini. Wannan abu mace ɗaya ba za ta iya gyara shi ita kaɗai ba, don idan ta rage ita kaɗai za a ce ba ta iya girki ba. Sai an zauna. Uwargida, ke ce babba, ki kira ƙanwarki ku yi magana, ku sa maigida a ciki tun da shi ke yin cefane, ku tsayar da adadi ɗaya da kowa za ta riƙa sa wa tukunya. Masu sana'ar ɗanwake da alala da awara a cikin gida, ku ma maganar ta shafe ku, domin 'ya'yan unguwa ne suke cin yajin nan kullum.

Kuma ba a rana ɗaya ake yi ba. Ingila ta gwada wannan. Daga shekarar 2003 hukumominsu suka riƙa matsa wa kamfanonin burodi da miyar gwangwani da sauransu su rage gishiri kaɗan-kaɗan, ba tare da masu saye sun lura ba. Zuwa 2011 abin da mutum yake ci a yini ya sauka daga giram 9.5 zuwa 8.1. Afirka ta Kudu kuwa doka ta yi a 2013, ta fara aiki a 2016, ta ƙayyade gishirin da za a sa a burodi da garin miya da taliyar leda da dunƙulen ɗanɗano. A nan Nijeriya ma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin rage sodiyam a abinci a 2025. Kafin wannan ya iso shagon unguwarku, dabarar tasu za ki ara. Idan takwas kike sawa, wannan mako ki sa bakwai, kada ki gaya wa kowa a wajen cin abinci. Bayan mako biyu ki koma shida. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni zuwa wata biyu ko uku, har ki kai inda idan kika ci abincin biki za ki ji gishiri ya yi miki yawa.

Ki kuma zaɓi ƙofa ɗaya. Idan magi za ki sa, ki fara sa shi, ki bari ya narke miya ta tafasa, ki ɗanɗana, sau da yawa za ki tarar ba ta neman gishiri. Gurbin da aka bari kuwa akwai masu cike shi, kuma namu ne tun kaka da kakanni. Daddawar kalwa, ko ta batso da ake yi da 'ya'yan sure, ko ta waken suya, ba sai kin yi da kanki ba, akwai mata masu sana'arta kuma sayenki taimako ne gare su. Albasa idan aka soya ta ta yi ja, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, kanumfari, ɗan garin busasshen kifi. Tsami ma yana tayar da ɗanɗano, shi ya sa miyar sure ko abincin da aka matsa wa lemon tsami ba ya neman gishiri da yawa. Yajin da kike dakawa na gida, ki rage masa magi ki ƙara masa ƙuli-ƙuli da citta. Kifin gwangwani da kilishi da tsire, ranar da maigida ya shigo da su, ki san an riga an ci gishirin ranar.

Ga mai iya karatun boko ko mai ɗan makaranta a gida, akwai lissafi ɗaya mai sauƙi. A bayan leda sau da yawa ba za a rubuta gishiri ba, sodiyam za a rubuta. Duk miligiram 400 na sodiyam daidai yake da giram 1 na gishiri, miligiram 2,000 kuma shi ne rabon yini gaba ɗaya. A lura ko adadin na ledar duka ne ko na wani kaso ne daga cikinta, don nan ne ake yi wa mai saye wayo.

Wani hanzari kuma. Kada wata ta ji wannan ta ce to bari in bar gishirin leda in koma na gargajiya, irin kantun da Buzaye suke kawowa a kan raƙuma daga Bilma, wai shi ba na bature ba ne. Gishiri gishiri ne, duk sodiyam ne. Na leda ma ya fi shi da abu ɗaya. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ci, shi ne yake hana maƙoƙo, yake kuma taimaka wa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Manyanmu za su tuna yadda maƙoƙo yake da yawa a da. Saboda haka ɗan kaɗan ɗin da za ki sa, ya zama mai aidin ne, ki ajiye shi a rufe nesa da wuta da danshi. Haka nan za ki ji ana talla cewa an ƙara wa magi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Gaskiya ne, Maggi ya fara haka a Nijeriya a 2012, kuma abu ne mai kyau a ƙasar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 suna da ƙarancin jini. Amma ba dalili ba ne na ƙara yawansa a miya. Mai neman jini ta nemi wake da zogale da hanta da ƙwayoyin da ake bayarwa wajen awo.

Abu na ƙarshe shi ne awon jinin kansa, don duk lissafin nan da muka yi ba zai gaya miki inda naki yake ba. Awon ba ya ɗaukar minti biyar, ba allura ba zafi, ɗamara ce ake ɗaura wa a dantse. Ana yi a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da asibitin mata da yara na King Fahad, da manyan asibitocin Tsafe da Bunguɗu, da ƙananan asibitocin unguwa. Ki nemi izinin maigida, in ya yiwu ku tafi tare shi ma a auna shi, ku ɗauki Inna. Ranar da kika kai yaro rigakafi ma kina iya miƙa hannu ki ce a duba ki. Lamba biyu za a gaya miki, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai. Idan ana ta samun 140 bisa 90 ko fiye a awo daban-daban, to hawan jini ne. Ki ce a rubuta miki a takarda da kwanan wata, ki adana a inda kike adana katin awo. Wadda kuma aka riga aka ɗora a kan magani, rage gishiri yana taimaka wa maganin ya yi aiki, amma ba ya maye gurbinsa. Kada ki daina sha don kin ji sauƙi, sai likitan da ya rubuta ya ce ki daina.

Mako mai zuwa idan Allah ya kai mu za mu shiga maganar sukari, na shayi da na lemon kwalba da na zoɓon da muke ƙullawa a leda muna ba yara talla. A gaishe da yara, a sauke tukunya lafiya.